Malam Abdullahi Ɗan Fodiyo (1766–1829): Rayuwarsa da Fahimtarsa ga Fasahar Waƙa

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a yankin Tambuwal da Kebbe, ko kuwa a ƙasar Gwandu da ke maƙwabtaka da su, ba ya buƙatar a gaya masa ko wane ne Malam Abdullahi. Dattawa kan kira shi Abdullahin Gwandu, wasu kuma su ce Mai Boɗinga, saboda zaman da ya yi a garuruwan nan biyu. An fi saninsa a matsayin ƙanen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, da jagoran rundunar jihadi, da kuma malamin tafsiri. Abin da ba a cika kawowa a aji ba shi ne cewa Malam Abdullahi marubucin waƙa ne, kuma marubucin da ya tsaya ya yi tunani a kan aikin nasa. Ya tattara wasu daga cikin waƙoƙinsa da hannunsa, ya bayyana dalilin da ya sa ya yi kowace, ya kuma wallafa littafi a kan ma'aunin waƙa da amsa-amo. Kaɗan ne daga cikin marubutan ƙarni na 19 a ƙasar Hausa suka bar mana irin wannan bayani game da kansu. Saboda haka wannan babi zai bi rayuwarsa ta wannan fuska, domin ɗalibin da zai koyar da rubutacciyar waƙa ya san inda wasu daga cikin ƙa'idojin da yake koyarwa suka samo tushe.

Asalinsa da Karatunsa

An haifi Malam Abdullahi a shekarar 1180 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1766 zuwa 1767, a ƙasar Gobir. Mahaifinsa shi ne Malam Muhammadu Fodiyo, mahaifiyarsa kuwa Hauwa'u, wato uwarsu ɗaya ubansu ɗaya da Shehu, wanda ya girme shi da kimanin shekara 12. Zuriyarsu ta Fulani Toronkawa ce, waɗanda kakansu Musa Jakolo ya taso daga Futa Toro ya zauna a ƙasar Ƙwanni. Gida ne na malamai maza da mata, kuma a Ɗagel ne gidan ya fi yin suna.

Ya yi karatun Alƙur'ani a wurin mahaifinsa. Da ya kai shekara 13 sai aka danƙa shi ga wansa Shehu, wanda a lokacin ya riga ya fara fita wa'azi. Mun san abin da ya karanta ne daga wani ɗan littafi nasa mai suna Ida'un Nusukh, wanda ya rubuta a 1812, inda ya jero malamansa da littattafan da ya ɗauka daga kowannensu. A wurin Shehu ya karanta Tauhidi daga littattafan Sanusi, da Nahawu daga Ajurumiyya da Mulha da Ƙaɗrun Nada, da Fiƙihu daga Ahalari da Ishmawi da Risala, sannan da Tafsiri. Amma abin da ya fi shafar nazarinmu shi ne littattafan da ya fara ambata a jerin, wato Ishiriniya da Witiriyya da diwanin mawaƙa shida na Jahiliyya. Na farko da na biyu madahu ne, wato yabon Annabi (SAW). Na uku kuwa waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi da Nabiga da Alƙama da Zuhairu da Ɗarafa da Antara ne, mutanen da suka yi waƙar raƙumi da doki da yaƙi da kufan masoya tun kafin zuwan Musulunci.

Ya kamata ɗalibi ya tsaya a nan ya yi tunani kaɗan. Yaro ɗan gidan malamai, a ƙasar Gobir, ana koya masa waƙoƙin mutanen da ba su yi sallah ba, kuma mai koya masa shi ne wanda zai zama Mujaddadi. Dalilin a bayyane yake ga malaman wancan zamani. Sun ɗauki waɗannan waƙoƙi a matsayin rumbun luga, wanda duk mai son fahimtar kalmomin Alƙur'ani da Hadisi sai ya buɗe shi. Sai dai kunne ba ya tsayawa a kan ma'anar kalma kaɗai. Wanda ya haddace irin waɗannan baitoci tun yana ƙarami, karinsu da salonsu sukan zauna masa, kuma haka ya faru ga Malam Abdullahi. Duk tsawon rayuwarsa, idan ya ɗauki alƙalami zai yi waƙar Larabci, muryar waɗannan mawaƙa shida ce take fara zuwa masa.

Bayan Shehu ya zaga wurin malamai da dama, yawancinsu dangi ne. Ya saurari Sahihul Buhari a wurin Alhaji Muhammadu ɗan Raji tare da Shehu a wajen 1786, ya kuma yi karatu a wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin da ya fi kowa tasiri ga tunanin jama'ar Shehu. Ya karanta Alfiyya ta Ibn Malik da Maƙamatul Hariri da Balaga da Aruli. Ba abin mamaki ba ne da daga baya aka riƙa yi masa laƙabi da Balaraben ƙasar Sudan.

Waƙa a Fagen Wa'azi

Daga cikin ayyukansa na ƙuruciya akwai tahmisin da ya yi wa waƙar Shehu ta begen Annabi, wadda aka sani da Daliyya saboda amsa-amonta na harafin dal. Tahmisi shi ne marubuci ya ɗauki baitin wani mai ɗango biyu, ya ɗora masa ɗango uku a gabansa, baitin ya koma ƙwar biyar, ba tare da ya karya kari ko ya kauce wa ma'ana ba. Aiki ne da ke buƙatar ladabi da ƙwarewa a lokaci guda, domin mai tahmisi yana magana ne a cikin gidan wani. Ita kanta Ishiriniyar da ya karanta, a sigar da aka fi sani a ƙasar Hausa, tahmisi ce da Ibn Mahib ya yi wa waƙoƙin Alfazazi. Wannan al'ada ta shigo waƙar Hausa ta hannun mutanen gidan, kamar yadda aka gani a Tabban Haƙiƙa, wadda Shehu ya yi da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar Hausa, Isan Kware kuma ya yi mata tahmisi.

Lamarin da ya fara fito da sunansa ya faru ne lokacin da Shehu yake zagayen wa'azi a ƙasar Zamfara, wajen 1786 zuwa 1787. Wani malamin Barno mai suna Mustafa, wanda ake yi wa laƙabi da Gwani, ya tarbi Shehu da waƙa yana yi masa marhabin, amma a cikinta ya nemi ya hana mata zuwa wurin wa'azinsa, domin a ganinsa cuɗanyar maza da mata abin kunya ce. Shehu bai amsa da kansa ba. Sai ya umarci Abdullahi, wanda a lokacin bai wuce shekara 20 da 'yan kai ba, da ya mayar da jawabi. Abdullahi ya amsa a kan kari da amsa-amon da Gwani ya yi amfani da su, kamar yadda ladabin musayar waƙa ya tanada. Ya musanta cewa suna cakuɗa maza da mata, sannan ya kawo hujjar da ta fi wannan ƙarfi, wato ko da a ce an sami wani abu na cuɗanya, barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi shi muni, kuma idan ɓarna biyu suka haɗu ƙaramar ake ɗauka.

Akwai darasi na fasaha a wannan labari wanda bai kamata a wuce shi ba. A wurin waɗannan malamai waƙa hanya ce ta jayayyar ilimi, daidai da wasiƙa ko fatawa. Wanda aka aiko wa baiti, idan ya amsa da zube, tamkar ya nuna gazawa ne. Idan kuma ya amsa da baiti amma ya sauya amsa-amo, ya sauƙaƙa wa kansa aiki, kuma masu sauraro za su lura. Dole ne hujja ta tsaya daram, kuma ta tsaya a cikin ma'aunin da abokin jayayya ya zaɓa. Wannan matsi shi ya horar da alƙalamin Malam Abdullahi.

Bayan 'yan shekaru, da ya ga yawancin malaman danginsu sun ja jiki daga kiran Shehu, sai ya tsara musu wata waƙa ta nasiha ya aika musu. Waƙar ta yi aiki. Wasu suka karɓe ta da farin ciki, aka yi mata tahmisi da sharhi, kuma da yawa daga cikinsu suka shigo cikin jama'a. Haka nan ya yi wata doguwar waƙa mai amsa-amon jim yana yabon Malam Jibrilu da Shehu da wasu malamansa. Ya buɗe ta ne yadda mawaƙan Jahiliyya suke buɗe tasu, da tsayuwa a kufai da tuna waɗanda suka tashi, kafin ya gangaro ga waɗanda yake yabo. Bambancin shi ne abin yabon a wurinsa ilimi ne da tsoron Allah, ba kyautar raƙuma ba. A nan ne kuma ya rabu da makaɗan fada na zamaninsa, waɗanda ke yabo domin a ba su. Ba a san shi da yabon sarki don neman abin hannunsa ba, kuma yana tare da Shehu a Magami a 1788, ranar da Shehu ya ƙi karɓar kyautar Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo.

Shekarun Jihadi

A watan Fabrairu na 1804 jama'a suka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu, inda aka yi wa Shehu mubaya'a, Abdullahi ne kuma ya fara miƙa hannu. A watan Yuni na shekarar aka gwabza a Tafkin Kwatto, Sarkin Gobir Yunfa ya sha kashi, Abdullahi na cikin manyan jagororin wannan rana. A 1805 shi ya jagoranci rundunar da ta ci Birnin Kabi, abin da ya buɗe wa jama'a hanyar komawa Gwandu da zama. Kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan al'amura ya yi masa waƙa. Ta Tafkin Kwatto waƙa ce ta murna da godiya, cike da kurin yaƙi irin na Antara.

Da a ce a nan waƙoƙinsa suka tsaya, da sai a ce masa mawaƙin nasara kawai. Amma yaƙin bai tafi yadda malaman suka so ba. A Tsuntsuwa, ƙarshen 1804, an ruwaito cewa jama'a sun yi hasarar mutum kimanin 2,000, daga cikinsu akwai mahaddata Alƙur'ani kusan 200. A ƙarshen 1805 kuma, a kan hanyar zuwa Alwasa, rundunar ta afka wa garin Kwalde ta kwashe dukiyarsa alhali akwai amana tsakaninsu, shugabanni suka yi ƙoƙarin hanawa abin ya gagara. Da aka haɗu da abokan gaba a Alwasa sai aka sha mummunan kaye. Malaman da suka fara tafiyar suna ta ƙarewa a fagen fama, waɗanda ke cike gurbinsu kuwa da yawansu ganima ce ta kawo su.

Wajen 1807, runduna na kan hanyar zuwa Alƙalawa, Malam Abdullahi ya janye jiki da 'yan mutane kaɗan ya nufi gabas, da niyyar ya tafi Makka da Madina ya bar ƙasar baki ɗaya. A wannan hali ne ya yi waƙar da masu nazari da dama suke ganin ta fi duk sauran nauyi, mai amsa-amon harafin ba. A cikinta ya yi kukan abokansa da suka riga shi, ya kuma bayyana waɗanda aka bar shi a cikinsu a matsayin mutanen da bakinsu ya saɓa wa aikinsu, waɗanda suka bar masallaci da makaranta suka koma neman mulki da ƙwaraƙwarai da tufafi da dawakin hawa cikin gari. Waɗannan mutane ba Gobirawa ba ne. Mutanensa ne, rundunar da shi da kansa yake jagoranta, kuma ɗan'uwansa ne shugabanta.

A ra'ayin mai wannan rubutu, duk malamin da ya koyar da tarihin Malam Abdullahi ya tsallake wannan waƙa don gudun kada a ce ya taɓa martabar magabata, ya rage wa ɗalibansa mafi amfanin abin da ke cikin tarihin. Shi kansa marubucin bai ɓoye ta ba. Shekara shida bayan haka, lokacin da daula ta kafu kuma yana riƙe da rabinta, ya saka ta cikin littafinsa tare da bayanin abin da ya jawo ta, alhali wasu daga cikin waɗanda ta shafa suna raye suna riƙe da muƙamai.

Tafiyar ba ta wuce Kano ba. Mutanen Kano, a zamanin Sarki Sulaimanu, suka tsare shi da roƙon ya koya musu yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a. Nan ya rubuta musu Liya'ul Hukkam, ya kuma karantar da tafsiri, daga bisani ya komo gida. An ci Alƙalawa a 1808. Da Shehu ya koma Sifawa, shi kuma ya zauna a Boɗinga kusa da shi, kuma a 1812 aka ba shi kula da yammacin daula, Muhammadu Bello kuma gabas.

Tazyinul Waraƙat

A 1813 ne ya rubuta littafin da ya fi kowane nuna mana fahimtarsa ga waƙa, wato Tazyinul Waraƙat. Cikakken sunan littafin yana nufin ƙawata takardu ta hanyar tattara wani sashe na baitocinsa. Kalmar sashe tana da muhimmanci, domin tana nuna cewa zaɓe ya yi, bai kwashe duk abin da ya taɓa rubutawa ya zuba ba. Abin da ya zaɓa kuwa shi ne yabon malamansa, da marsiyyar waɗanda suka rasu, da nasiha, da waƙoƙin da suka biyo bayan al'amuran jihadi.

Tsarin littafin shi ne abin lura. Kafin kowace waƙa sai ya kawo bayani da zube: a ina suke, me ya faru, wa ya ce a yi ta ko me ya motsa shi, wani lokaci har da shekara. Sannan waƙar ta biyo baya. Ta haka littafin ya zama diwani kuma ya zama tarihi, har masana tarihin jihadi suka ɗauke shi ɗaya daga cikin manyan madogaransu tare da Infaƙul Maisur na Muhammadu Bello. Abin da wannan tsari yake koya mana shi ne cewa a wurin Malam Abdullahi waƙa ba ta rabuwa da sanadinta. Baiti yana da ranar da aka haife shi da mutanen da aka yi shi dominsu, kuma wanda bai san wannan ba zai fahimci rabin maganar ne kawai. Abin da muke kira tarihin waƙa a darasin nazari, wanda muke sa ɗalibi ya kawo kafin ya shiga jigo da warwararsa, shi ne abin da wannan malami ya yi wa waƙoƙinsa da kansa fiye da shekara 200 da suka wuce.

Akwai kuma abin da za a iya kama shi da shi, kuma adalci ne a faɗa. Larabcin waƙoƙinsa yana da tsauri. Yakan zaɓi kalmar da sai an buɗe ƙamus, yakan kuma kawo raƙuma da wuraren Hijaz a cikin waƙar da ke magana a kan abin da ya faru a bakin gulbin Rima. Mervyn Hiskett, wanda ya fitar da littafin tare da fassararsa ta Ingilishi a Ibadan a 1963, ya nuna yadda salon Jahiliyya ya mamaye waƙoƙin. Ana iya kallon wannan a matsayin kwaikwayo da ya nisanta waƙar daga ƙasarta. Ana kuma iya cewa ya san waɗanda yake yi wa magana, wato malamai 'yan'uwansa da suka haddace abin da ya haddace, waɗanda da sun ji an ambaci kufai sun san baƙin ciki ne ke tafe. Magana ta biyu ta fi kusa da gaskiya, domin idan masu sauraro suka sauya, shi ma yakan sauya harshe da salo, kamar yadda za a gani a gaba.

Nazami a Matsayin Hanyar Koyarwa

Mafi yawan baitocin da Malam Abdullahi ya rubuta ba na bege ko yaƙi ba ne, na koyarwa ne. Malaman Larabci sukan bambanta shi'iri da nazami. Na farko shi ne wanda zuciya ke motsawa a cikinsa, na biyu kuwa ilimi ne aka zuba a ma'aunin waƙa don ya yi sauƙin haddacewa. A zamanin da babu maɗaba'a, takarda kuma sai an kawo ta daga arewa ta hanyar Sahara, littafin da ya fi tsaro shi ne wanda ke cikin ka. Saboda haka ya tsara Albahrul Muhiɗ a kan Nahawu, mai baitoci dubbai, da Alhisnur Rasin a kan Sarfu, da Miftahut Tafsir a kan ilimin Alƙur'ani. A fannin waƙa kanta ya rubuta Fathul Laɗifil Wafi, a kan Aruli da ƙafiya.

Samuwar wannan littafi na ƙarshe hujja ce cewa bai ɗauki waƙa a matsayin baiwa kaɗai ba. Ya ɗauke ta ilimi mai ƙa'ida da ake koya kamar yadda ake koyon Nahawu. Karuruwan da Halilu ɗan Ahmad ya tsara a Basra a ƙarni na 8, irin su Ɗawil da Basiɗ da Kamil da Wafir da Rajaz, su ne malaman jihadi suka auna waƙoƙinsu na Larabci da su, kuma da suka juyo ga Hausa sai suka tarar harshen ya karɓe su, domin Hausa ma tana bambanta gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Wannan ne ya sa har yau ake iya yanka baitin Sa'adu Zungur ko na Mu'azu Haɗeja a kan ƙafafun Aruli.

Wannan damuwa da mai karatu ta bayyana har a ayyukansa na zube. Babban tafsirinsa, Liya'ut Ta'awil, wanda ya kammala a 1816 aka kuma buga shi a Alƙahira a 1961, littafi ne na manyan ɗalibai, cike da bayanin ƙira'o'i da Nahawu da Balaga da saɓanin mazhabobi. Da ya ga ya fi ƙarfin masu rauni, sai ya sake rubuta wani mai suna Kifayatu Lu'afa'is Sudan, ya taƙaita shi a kan ruwayar Warshu da mazhabar Malikiyya, waɗanda su ne mutanen ƙasar suka sani. Malamin da ya iya rubuta abu mai wuya sannan ya sauko ya sake rubuta shi don na baya, ya san aikin koyarwa, kuma wannan ya shafi duk wanda ke shirin tsayawa gaban aji.

Waƙoƙinsa na Hausa

Jama'ar Shehu sun yi amfani da harsuna uku. Larabci na malamai ne, Fulatanci da Hausa kuwa na sauran jama'a, waɗanda aka rubuta da ajami ana rera musu a masallatai da zaure da cikin gida. Ana danganta wa Malam Abdullahi waƙoƙin Hausa da dama, daga ciki akwai Waƙar Sira a kan rayuwar Annabi (SAW), da wata a kan tsarin mulkin Musulunci, da ta murnar nasarar Kalambaina. A cikinsu babu kufai babu raƙumi. Magana ce kai tsaye da Hausar yamma, tare da kalmomin Larabci na addini waɗanda mai sauraro ya saba ji a bakin malamai.

A nan sai malami ya yi hattara. Waƙoƙin Larabcin da ke cikin Tazyinul Waraƙat marubucinsu ne ya tattara su, don haka babu jayayya a kansu. Na Hausa kuwa sun iso mana ne ta hannun masu kwafi da bakin masu rerawa, almajirai da makafi da mata a cikin gidaje, kuma a irin wannan tafiya baiti kan ƙaru ko ya ragu, kalmar Sakkwatanci kan koma ta Kananci, waƙar da aka fassara daga Fulatanci kuma takan ci gaba da ɗaukar sunan mai ita na asali. Shi ya sa masu nazari suke duba marufin waƙa, inda marubutan wancan zamani kan ambaci sunansu ko su saka ramzi, wato shekarar da aka yi ta a cikin haruffa. Aikin da Bello Sa'id ya yi a Jami'ar Bayero a 1978 na tattara waƙoƙin masu jihadi ya taimaka ƙwarai wajen adana su a boko. Ya fi kyau a ce wa ɗalibi ana danganta waƙa kaza ga Malam Abdullahi, a kuma nuna masa dalilin yin wannan taka-tsantsan.

Ƙarshen Rayuwarsa

Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1817, aka yi wa Muhammadu Bello mubaya'a. Ruwayar da ta shahara ta ce da Malam Abdullahi ya iso daga Boɗinga ya tarar an rufe ƙofar gari, sai ya juya. Ya koma Gwandu, aka kuma yi 'yan shekaru akwai sanyin jiki tsakaninsa da ɗan wansa. Abin da ya haɗa su shi ne tawayen Kalambaina, kusa da Gwandu, inda ragowar mutanen Abdussalami suka taru suka tsananta masa. Bello ya taso da runduna ya kawo masa gudummawa, aka ci garin wajen 1820 zuwa 1821. An ce da suka haɗu Bello ya yi niyyar sauka daga doki don girmama baffansa, shi kuwa ya hana shi, ya gaishe shi da sunan Sarkin Musulmi.

Daga nan ya rage shiga harkar mulki, ya bar yawancinta a hannun ɗansa Muhammadu da kuma Muhammadu Buhari ɗan Shehu, ya koma ga karantarwa da rubutu. Shi Buhari a wurin baffan nasa ya yi karatu, tare da shi ya yi yaƙe-yaƙen yamma, kuma shi ma ya bar waƙoƙin Larabci. A Tambuwal ya zauna, sarautar garin kuma ta ci gaba a zuriyarsa.

Malam Abdullahi ya rasu a Gwandu a farkon shekarar 1245 ta Hijira, wato 1829, yana da shekara 65 a lissafin Hijira, aka binne shi a can. Ɗansa Muhammadu ya gaje shi, bayansa kuma Halilu, wanda a zamaninsa ne Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya sauka a Gwandu a 1853, ya tarar da kwafin Tarihus Sudan a hannun malaman garin, ya zauna kwanaki yana kwafar abin da ya iya daga cikinsa.